Ƙungiya Ce Ko Motar Kashe Gobara?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a zaman bita na shugabannin rassa. Mun buga shi gaba ɗaya domin waɗanda ba su samu halarta ba, musamman iyayenmu mata da matasa. A karanta wa wanda ba ya karatu.



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Sarkin Hausawa da 'yan majalisarka, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, shugabannin kasuwa da na kara, matasa da sauran jama'a, barkanmu da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

An ce in yi magana a kan abu biyu: yadda ƙungiya irin tamu, wadda ba don riba aka kafa ta ba, za ta riƙa kallon matsala gaba ɗayanta, da kuma yadda za a riƙa gudanar da zama ta yadda kowa zai sa baki. A wurina magana ɗaya ce, kuma ina fata kafin in zauna za ku ga dalili.

Ina roƙon kowane ma'ajin reshe, in ya koma gida, ya buɗe littafin kuɗi na shekara 3 da suka wuce ya ware abin da aka kashe gida-gida. Ba na jin zai sha mamaki. Zai ga beli, da jinyar wanda mota ta buge, da likkafani, da kuɗin motar mayar da yaron da ya zo Kurmi bai samu kowa nasa ba, sai kuma ɗan abin nan da ake kaiwa caji ofis wanda ba a rubuta sunansa na gaskiya a littafi. Duk waɗannan ayyukan alheri ne, Allah ya ba da lada. Sai dai ya tambayi kansa: yaran da muka yi beli bara, bana sun ragu ko sun ƙaru? In har ba su ragu ba, to muna aikin motar kashe gobara ne a garin da ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke tayar da wutar.

Bari mu bi yaro guda ɗaya, mu ga inda hanya za ta kai mu. An haife shi a nan, a gida, ba a yi masa takardar haihuwa ba, ko da yake dokar 1992 ta wajabta rajistar kowace haihuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ya kai shekarun makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, amma uban yana tsoron tambayar takardu, makarantar ma da nisa, sai aka bar shi a allo kawai. Wanda ya daure ya gama sakandare kuma, tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. In ya tsallake wannan sai a ce ya kawo takardar indijin. Ƙaramar hukumar da aka haife shi ta ce kakansa ba ɗan nan ba ne. Ya tafi garin kakan a Arewa, can kuma a ce ba a san shi ba. To me ya rage masa? Acaba, ko gwangwan, ko dako, ko gadi. Waɗannan kuwa su ne sana'o'in da kame ya fi faɗa wa. A Ikko kaɗai, dokar 2012 ta hana acaba a kan tituna 475, aka sake hanawa a Fabrairun 2020, aka ƙara tsanantawa a Yuni da Satumban 2022. An kama yaro, an kira ƙungiya, ƙungiya ta biya. Kuɗin da za a ɗauki hayar mota a kai mata rajistar jarirai ya tafi ke nan. Uban yaron kuma katin zaɓensa na can gida, in zaɓe ya zo sai ya kwashi iyali ya yi Arewa don tsoron rikici. Kansila ya duba akwatin unguwarmu ya ga ba komai, saboda haka ranar raba ajujuwa da famfo bai tuna da mu ba. Sai a haifi ƙanen wancan yaro, a gida, ba takarda.

Kun ga mun dawo inda muka taso. Wannan zagaye shi ne abin da masana suke nufi da tsari: abubuwa da yawa da ke ɗaure da juna, kowane yana haifar da na gabansa, na ƙarshe ya dawo ya haifi na farko. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara mayar da wannan tunani ilimi mai ƙa'ida shi ne Jay Forrester na jami'ar MIT a Amurka, a shekarun 1950, inda ya fara da masana'antu, daga baya a 1969 ya gwada shi a kan birane. Wata da ta yi aiki a wannan fage, Donella Meadows, ita ta sauƙaƙa shi yadda kowa zai gane. Ta rasu a 2001, littafinta na koyar da wannan fanni ya fito a 2008. Ba sai mun je Amurka ba kafin mu fahimci abin da suke faɗa. Kowace uwar gida ta san randa: akwai ruwan da ke shiga, akwai wanda ke fita, kuma in gindinta ya tsage, ko ɗan ga-ruwa nawa aka kira ba za ta cika ba. Asusunmu randa ne. Amincin da ke tsakaninmu da masu masaukinmu shi ma randa ne, yana cika da ɗigo-ɗigo, yana iya zubewa a yini ɗaya.

Akwai wani tarko da Peter Senge ya bayyana a littafinsa na 1990, wanda in ka karanta sai ka ce da mu yake. Matsala tana da magani biyu, na gaggawa da na asali. Na gaggawa yana kwantar da ciwo yau, saboda haka sai a daina jin buƙatar na asali, kuma kullum aka sha na gaggawa ƙarfin neman na asali raguwa yake yi. Ku dubi beli. Tsarin mulkin 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin yini ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don ɗa ya gudu. Beli kuma kyauta ne, a bangon ofisoshinsu ma ana rubutawa. Amma mu a duk lokacin da muka biya cikin gaggawa ba tambaya, darasi biyu muke koyarwa. Mai kamun ya koyi cewa yaran wannan unguwa akwai mai biya musu, yaran kuma su koyi cewa ba sai sun san dokar ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ban ce a bar ɗan mutane ya kwana a sel don a koya wa wani hankali ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi duk naira ɗin da ta tafi beli a sa wata a gefe don maganin asali: lauya ɗaya da aka yi yarjejeniya da shi, da matasa biyu ko uku a kowane reshe da suka san hanyar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da littafin da ake rubuta kowane kamu, ranarsa da wurinsa da abin da aka nema.

Abin da ke sa maganin asali wuyar sha shi ne jinkiri. Beli sakamakonsa yau ne, ana ganin yaro ya fito ana yi wa shugaba addu'a. Takardar haihuwa kuwa sai bayan shekara 6 za ta fara amfani, katin zaɓe sai an jira zaɓe. Shugaban da ya shuka ba lalle shi zai girba ba, shi ya sa kowane sabon shugaba yake gwammace aikin da za a gani kafin wa'adinsa ya ƙare.

Haka kuma tsarin namu bai tsaya a bakin unguwa ba. Dattawan da ke nan suna tuna Yulin 1999, da aka yi rikicin Shagamu, ba a yi kwanaki ba wuta ta tashi a Kano, aka huce a kan waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. A Fabrairun 2021 saɓani tsakanin mai dako da wata mai shago a kasuwar Shasha ta Badun ya zama ƙone-ƙone da asarar rayuka. Cacar baki a ƙofar shago ba ta ƙona kasuwa sai dai in da ma akwai busasshiyar ciyawa a ƙasa. Da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen wannan wata, na kimanin mako guda, tumatir ya yi tsada a Ikko, gwamnati ta kira zama, wannan gaskiya ne. Amma a daidai lokacin farashinsa ya faɗi a Arewa, manomin rani ya yi asara, ɗanmu mai tireda a nan kuma shi ne ya rasa abin sayarwa, shi ne kuma ya kwana cikin fargaba. Duk matakin da za mu ɗauka, a tambaya: in ya zagayo, a kan wa zai sauka?

To ina za a taɓa wannan zagaye ya juya? Meadows ta jera wurare 12 a wata maƙala ta 1999. A ƙasa ta sa lambobi, wato a ƙara kuɗin wata ko a rage. Wannan shi ne abin da muka fi yin gardama a kansa, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri. Sama da shi akwai wanda ke samun labari da wanda ba ya samu, sannan dokoki, sannan manufar tsarin kansa. Ta ba da labarin wata unguwa a ƙasar Holan mai gidaje iri ɗaya, wasu an sa musu mitar wuta a ɗakin ƙasa inda ba a gani, wasu a zaure inda kowa ke wucewa. Masu mita a zaure suka riƙa shan wuta ƙasa da na sauran da kashi 30 cikin 100. Ba a yi musu wa'azi ba, ba a ci su tara ba, gani kawai suka yi. Mu ma da za a liƙa a ƙofar ofishin reshe, kowane wata, yawan waɗanda aka kama da abin da aka kashe, da yawan jariran da aka haifa da waɗanda aka yi wa takarda, ina da yaƙinin hirar majalisa za ta canja.

Yanzu ga inda magana ta biyu ta shigo. Wa ya san yawan jariran da aka haifa a unguwa? Ba Sarki ba ne, ranka ya daɗe, ba kuma sakatare ba. Ungozoma ce ta sani, da wanzami. Wa ya san shingen da ake karɓar kuɗi da ƙarfe nawa ake fara kame? Ɗan acaba. Wa ya san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa makaranta a aji huɗu? Uwarta. Wa ya san ranar da aka fara kallon-kallo a kasuwa? Mai dako, da matar da ke sayar masa da abinci, wadda sau da yawa ba ma Bahaushiya ba ce. Kowane ɗayansu guntun zagayen yake gani. Ba wanda yake ganin duka, kuma ba za a taɓa ganin duka ba sai an haɗa su an saurare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu dubi yadda muke zama. Manya a kujera a gaba, sauran a tabarma. A buɗe da addu'a, shugaba ya yi bayani na minti 40, mutum uku da aka saba ji su ƙara, a ce akwai mai magana? Shiru. A ce to an amince. Mata suna bayan labule ko ba su zo ba sam, 'yan cirani kuma ba a ma gaya musu ba don ba sa biyan kuɗin wata, alhali su ne suka fi cin asusun. Wannan shirun ba amincewa ba ce, kunya ce da ladabi, kuma amsarsa tana fitowa daga baya, ranar da aka ce a kawo gudummawa ba wanda ya kawo. Maƙwabtanmu Yarabawa suna da karin magana cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Wannan tsari na shugabanci ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba na raina shi. An kafa Sabon Badun a 1916, kuma Abner Cohen, wanda ya zauna a can ya yi bincike ya fitar da littafi a 1969, ya nuna yadda Sarkin Sabo da masu gidajen saukar fatake suka riƙe cinikin goro da shanu da amana, a kan bashi ba tare da takarda ba. A lokacin, duk baƙon da ya sauka yana da maigida, maigida kuma yana da kujera a gaban Sarki, saboda haka labari yana hawa sama da kansa. Yau yaro yakan sauka daga bayan tirela da tsakar dare, ba maigida, ya kwana a ƙarƙashin gada. Tsanin da labari ke bi ya karye, mu kuma muna zama kamar yana nan.

Wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta rubuta a 1969 cewa shigar da jama'a cikin shawara matakala ce mai hawa 8. A tsakiya akwai sanar da mutane, da jin ra'ayinsu, da lallashinsu, kuma duk ukun ta kira su na ganin ido, domin mai yanke hukunci bai canja ba. Mun san wannan sarai, domin haka gwamnati take mana: a kira Sarki a ba shi ruwan roba a gaya masa an riga an yanke za a tashi kasuwa. Abin tambaya shi ne ko mu ma haka muke yi wa na ƙasa da mu.

Hanyar gyara ba ta buƙatar kuɗi. Robert Chambers na jami'ar Sussex a Ingila, da abokan aikinsa a Indiya da Kenya, sun yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1980, kuma ginshiƙinta shi ne mai ilimin boko ya miƙa sandar nuni ga mutanen gari, shi ya koma gefe. A raba shugaban taro da mai gudanar da zama. Shugaba yana nan da girmansa, shi zai buɗe shi zai rufe. Mai gudanarwa kuwa aikinsa irin na ungozoma ne, ba ita ke haihuwa ba. Ba ya ba da ra'ayi, tambaya yake yi, yana lura da wanda bai yi magana ba, yana kuma da izinin Sarki tun farko na tsayar da mai dogon bayani ko da Alhaji ne. Kafin babban zama a yi ƙanana: mata su kaɗai da mace mai gudanarwa, a gidan da suka zaɓa kuma a lokacin da suka ce, ba lokacin ɗora tukunya ba; 'yan acaba su kaɗai; 'yan cirani su kaɗai, da dare bayan sun tashi aiki. Kowane rukuni ya zana taswirar unguwa a ƙasa da gawayi, ya sa dutse a inda ake kame, ya sa ganye a gidan da ke da yaron da ba ya makaranta. Wanda bai iya rubutu ba ya iya ajiye dutse. In an zo zaɓen abin da za a fara, a ba kowa ƙwayar wake 10 ya raba a kan matsalolin yadda ya ga dama, a cikin kwanon da ke bayan labule. Waken Alhaji da na mai yankan farce nauyinsu ɗaya. A babban zama kuma a fara jin na ƙanana, manya su yi magana a ƙarshe, domin in babba ya riga ya faɗi nasa, ba yaron da zai saɓa masa a bainar jama'a, kuma ba ma so ya saba da hakan.

Akwai waɗanda suka riga mu. A birnin Mumbai na Indiya, a 1985, masu kwana a gefen titi tare da wata ƙungiya mai suna SPARC sun ƙirga kansu gida-gida, suka shiga ofis da alƙaluma a hannu. Mazauna unguwannin bakin ruwa na Ikko sun ɗauki wannan hanya ta ƙirga kai da adashi. A Yunin 2017 babbar kotun jihar ta yanke cewa tashinsu ba tare da sanarwa da wurin komawa ba ya saɓa wa tsarin mulki, ta ce a zauna da su. Amma a lokacin an riga an rushe Otodo Gbame. Ƙirga kai ba laya ba ce, kotu ma takan makara. Duk da haka wanda ya je gaban ciyaman ya ce yaranmu kaza ne ba sa makaranta, ga taswira, ga masu katin zaɓe kaza da suka mayar da rajistarsu nan kamar yadda dokar zaɓe ta yarda, ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda ya je da koke kawai. Sashe na 41 ya ba mu zama a ko'ina a Nijeriya, na 42 ya hana nuna mana bambanci, na 43 ya ba mu mallakar fili da gida. Takarda ce dai har sai an samu masu ɗaukarta a ƙirge.

Gargaɗi biyu. Wasu masana biyu, Cooke da Kothari, sun fitar da littafi a 2001 suna cewa wannan shigar da jama'a kan zama wani sabon danniya, inda ake tara talakawa su yi zane a ƙasa, a ɗauki hoto, sannan a aiwatar da abin da aka riga aka shirya. Suna da gaskiya. In mata suka zuba wakensu a kan famfo da makaranta, mu kuma muka je muka sayi motar ƙungiya, to kada a sake kiransu, don ba za su zo ba. Saboda haka tun kafin zama majalisa ta faɗi ƙarara abin da ta sakar wa jama'a su yanke, misali kashi ɗaya cikin uku na asusun shekara, da abin da ta riƙe. Na biyu, jerin sunaye da gidajen baƙi makami ne in ya faɗa hannun da bai dace ba, mu da muka ga 1999 da 2021 ba sai an yi mana bayani ba. Alƙaluma su fita waje, sunaye su tsaya a gida a hannun mutum biyu da jama'a suka zaɓa, kada a tura su ta WhatsApp, kuma duk wanda ya ce kada a rubuta shi a ƙyale shi.

Abin da nake nema daga kowane reshe kafin zama na gaba shi ne ma'aji ya zo da rabe-raben kuɗin nan na shekara 3, a kuma kawo sunan mace ɗaya da saurayi ɗaya da za a koya wa gudanar da zama. Kada a kawo ɗan shugaba ko matarsa. A yi ƙaramin zama guda ɗaya kawai, na mata, da tambaya ɗaya: yara nawa aka haifa a layinmu tun Babbar Sallar bara, kuma nawa ne suke da takarda? In an gayyaci shugabar matan kasuwa ta masu masaukinmu ta zauna ta saurara, ya fi.

 Akwai sauran lokaci, kuma ina roƙon shugaban taro ya ba 'yan bayan can dama su fara yin tambaya.